Bitar Rantsuwa

Abin da ake rigimar a kansa bai wuce faɗin amalanke ba. Wani zirin ƙasa ne da ya taso daga bakin hanya ya shige tsakanin gonar Hashimu da ta ɗan baffansa Sama'ilu. Ba ya ba da hatsin kirki, ƙafar shanu ta daɗe da danne shi. Amma ta nan kaɗai amalanke ke shiga gonar Hashimu, kuma a Tudun Gawo, inda gona ke manne da gona har iyakar ganin ido, gonar da taki ba ya kai mata ta gama aiki. In zirin ya koma hannun Sama'ilu, sai Hashimu ya nemi izini kafin ya kai kashin awakinsa gonar ubansa.

Da can layin gamba ne ya raba su. Bayan kaka wuta ta cinye gamban, wani mai son tsafta kuma ya bi ya tone saiwoyin. Ba a yi mako ba Sama'ilu ya tuna cewa ai gamban ta ɗaya gefen yake, ya kai ƙara kotu. Alƙali ya nemi shaidu. Dattawan da suka san iyakar waɗansu sun rasu, sauran kuma ciwon ido ya kama su a rana ɗaya. Tunda mai ƙara bai da shaida, alƙali ya ce rantsuwa tana kan Hashimu: ranar Juma'a bayan la'asar, a masallacin garinsu, gaban Liman da magatakardan kotu. In ya rantse, ziri nasa ne. In ya ƙi ko ya kasa, rantsuwa ta koma kan Sama'ilu.

Sama'ilu dillalin hatsi ne a Dawanau. Rantsuwa a wurinsa kayan aiki ce, kamar mudu.

Hashimu kuwa gaskiyarsa ba ta da gyara. Ta wannan zirin ya bi bayan amalanken ubansa tun yana yaro. Matsalarsa idanun mutane. A gona yana iya yini yana yi wa shanunsa bayani, a gida Barira matarsa har cewa take ya bar ta ta ji rediyo. Amma da zarar jama'a sun yi shiru sun juyo gare shi, sai harshensa ya kwanta a bakinsa kamar baƙon da ba a san shi ba. Ranar sunan 'yarsa ta fari, Liman ya sunkuyo ya tambaye shi sunan da za a raɗa, ya tsaya yana kallon gemun Liman har wani surukinsa ya cinka masa. Shi ya sa yarinyar da uwarta ta zaɓa wa Khairat take amsa Ramlat har yau. A kotu ma da alƙali ya tambayi sunansa, Sama'ilu ne ya taimaka ya faɗa.

Ikilima ta iso ranar Asabar a motar haya. Ƙanwar Hashimu ce, autar ɗakinsu. Ta yi karatu a Indiya kan ƙwaƙwalwa da halin ɗan Adam, yanzu tana koyarwa a wata kwaleji cikin birni. Mutanen gari Likita suke ce mata, su kawo mata ciwon gwiwa, ta ce ba fanninta ba ne, su tafi suna cewa zaman waje ya koya mata rowa.

Ta same shi a gindin rumbu yana gyaran igiyar da ba abin da ya same ta.

"Yaya, ƙarya za ka yi ranar Juma'a?"

"Ke ma kin san ba ƙarya ba ce."

"To me kake tsoro?"

"Wa ya ce miki tsoro nake? Bakina ne kawai ke bushewa."

"Da gwiwa," in ji Barira daga bakin murhu. "Da ciki. Tun ranar kotu ya fi kowa sanin hanyar bayan gida."

Ikilima ta jawo turmi ta zauna. "Akwai wani ɗan abu can cikin kanka, bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Maigadi ne. Aikinsa ya hango haɗari ya yi kururuwa. Illarsa, bai san bambancin kura da alƙali ba. Da ya ga idanu sun yi maka yawa sai ya tura jini ƙafafu don ka gudu, ya ɗauke yawu tunda mai gudu ba cin tuwo zai yi ba, sannan ya kulle nan." Ta ƙwanƙwasa masa goshi. "Nan ne ɗakin da ake jera magana."

"Wato maigadin nawa mahaukaci ne."

"Na kowa haka yake. Naka dai ya fi ƙwazo."

"Na Sama'ilu fa?"

"Nasa ya gaji. Tun yana saurayi yake rantsuwa gaban jama'a, bai ga abin da ya cinye shi ba, sai maigadin ya shimfiɗa tabarma."

"To ki ba ni ƙwayar da za ta kashe mini nawa."

"Ba a kashe shi. Koyon magana za ka yi yana cikin ihun."

Hashimu ya kafa sharaɗi. Ba zai ɗauki Alƙur'ani don gwaji ba, kuma ba zai kira sunan Allah a kan bita ba. Ikilima ta ce ta yarda, wannan ɓangaren ai Liman ne zai faɗa ya maimaita. Abin da za su haddace shi ne cikin maganar: zirin da ya taso daga bakin hanya zuwa gindin ɗorawa na mahaifinsa ne, shi ya gada, Sama'ilu ba shi da haƙƙi a ciki. Barira ta miƙa masa faifai ya riƙe da hannu biyu.

Ya faɗa sumul, ba gargada.

"Ka gani," in ji shi. "Na iya."

"A gaban rumbu ka iya. Ajiye faifan ka zaga shi da gudu."

"In yi me?"

"Gudu. Har sai ka ji zuciyarka a maƙogwaro. Ranar Juma'a a nan za ta zauna, gara bakinka ya saba aiki tana wurin."

Haka magidanci mai furfura, wanda yake da suruki da jika, ya tattare rigarsa ya riƙa kewaya rumbun dawa a guje, kaji na watsewa.

"Malam, a hankali," in ji Barira. "Mai kwancin nan za ta tashi daga kan ƙwai."

Ya tsaya yana haki, ya karɓi faifai. Bakin hanya ya fito, ɗorawa ta maƙale. Ya sake zagawa. Ikilima ta koya masa numfashi: ya ja kaɗan, ya sake shi a hankali ya fi jan tsawo, don fitar numfashi ce ke taka wa zuciya birki. Ya gwada, ya yi wani sauti da ya sa bijimin da ke ɗaure a turke ya waiwayo.

Washegari ta ce rumbu ba shi da ido, a nemo masu ido. Barira ta leƙa ta katanga, kafin a ɗaura zani matan maƙwabta sun cika tsakar gida, har da wadda aka ce ba ta iya tashi saboda ƙugu. Suka zauna suka yi tsit kamar yadda aka roƙe su. Hashimu ya zaga rumbu, ya tsaya, ya dube su, ya manta ko shi waye. Wata tsohuwa ta ce, "Allah sarki, haka ya yi ranar sunan Ramlat." Aka kwashe da dariya. Ikilima ta ce dariyar ma tana cikin magani, ya sake.

Zuwa Talata yana iya kai maganar ƙarshe gaban mata, murya na rawa, faifai na rawa. Ranar Laraba ta tura shi teburin mai shayi da hantsi, inda mazan da suka gama aikin gona tun kaka suke zaman gyara gwamnati. Ya je da gudu-gudu daga ƙofar gida, ya tsaya, ya faɗa musu iyakar gonarsa ba wanda ya tambaye shi. Suka saurara har ƙarshe. Mai shayi ya ce ko a zuba masa.

Kafin azahar gari ya ɗauka. Hashimu na bitar rantsuwa. Ƙanwarsa ta zo masa da dabarar Indiya ta yadda mutum zai rantse abin bai kama shi ba. Wani ya ce gudun da yake yi na fitar da tsoron Allah ne ta hanyar gumi. Sama'ilu ya dawo daga kasuwa da yamma, aka ba shi labari, ya girgiza kai cikin tausayi.

"Ni dai tunda nake ban taɓa jin mai gaskiya yana haddace gaskiyarsa ba," in ji shi. "Amma ɗan'uwana ne, ba zan ce komai ba."

Ya kuma bi majalisa majalisa yana faɗar cewa ba zai ce komai ba.

Hashimu ya kawo wa Ikilima ƙorafi. "Kin ji abin da kika jawo mini?"

"Su za su kai maka taki?"

"Mutuncina fa?"

"Ranar Juma'a zirin za a tambaye ka. Abu ɗaya zan gaya maka, Yaya. A wurin, shakka za ta zo maka a kan abin da ka sani kamar sunanka. Kar ka tsaya yi mata bayani. Ba ita ce alƙali ba."

Barira ta shigo da rubutun da ta karɓo wurin wani malami a cikin kwano. Ta kalli Ikilima tana jiran musu.

"Ya sha mana," in ji Ikilima. "Duk abin da zai tsaya masa ina so."

"Au, ashe Indiya ma sun san da shi."

Ranar Juma'a masallaci ya cika da la'asar fiye da yadda ya cika da Juma'ar kanta. Mutanen da Liman ya daɗe yana cigiya a sahu duk sun bayyana. Ladan ya bar lasifika a kunne don kada mata su ce an yi ba da su ba. Ikilima da Barira suna can waje gindin dalbejiya tare da sauran mata.

Hashimu ya yi alwala. Da ya kai ƙafa sai ya kasa tuna ko ya shafi kai, ya sake daga farko. Magatakarda, wani siririn mutum mai son komawa gida kafin magariba, ya duba agogo. Sama'ilu na zaune a sahun gaba cikin farar shadda, ƙamshin turarensa ya riga shi gaisawa da kowa, yana jan carbi a natse kamar wanda ya zo ɗaurin aure.

Liman ya yi wa'azi kan makomar mai rantsuwar ƙarya, ta duniya da ta lahira, bai rage komai ba. Niyyarsa ya tsorata maƙaryaci. Sama'ilu ya riƙa gyaɗa kai yana cewa haka ne. Hashimu kuwa kowace kalma a cikinsa ta sauka.

Aka ce ya miƙe ya fuskanci alƙibla. Aka ɗora masa Alƙur'ani a hannu. Ya fi faifai nauyi nesa ba kusa ba, wannan ba wanda ya gaya masa. Magatakarda ya karanta abin da ake ƙara a kai, ya ce bismillah.

Masallacin ya tsuke. Mutanen gefe suka ɓace, bango ya ɓace, abin da ya rage a duniya babban yatsan ƙafar Liman ne da farcensa da ya tsage. Bakinsa ya bushe ƙayau. Sai shakkar ta iso, a kan lokaci. Ɗorawar nan, in ka shigo daga hanya a dama take ko a hagu? Ya sha inuwarta tun bai san kansa ba, yanzu ya nemi inda take ya rasa. Gamban kuma, da idonsa ya ga ubansa ya dasa, ko labari aka yi ta ba shi har ya zama kamar ya gani? In Sama'ilu ne da gaskiya fa? Ya tuna Ikilima ta ce wani abu game da wannan. Abin da ta ce ɗin yana cikin ɗakin da aka kulle.

"Malam Hashimu, muna jira," in ji magatakarda.

Lasifika ta kai wa garin numfashinsa. A waje matan suka ji kamar ana hura wuta da itace ɗanye.

"Malam Hashimu. In ba za ka iya ba ka faɗa, ba laifi ba ne. Shari'a ta tanadi abin da za a yi."

Wani a baya ya ce, "Abin ya ƙi ɗaukuwa." Wani ya ce a yi shiru. Sama'ilu ya ajiye carbi, ya naɗe hannun riga, ya ce cikin ladabi ko za a miƙo masa buta ya sabunta alwala, kada a ɓata wa baƙo lokaci. Ya fita bakin ƙofa. Hashimu ya ji ƙarar ruwa na zuba a kan siminti.

Zuciyarsa ta hau maƙogwaro ta zauna. Ya san wurin. Nan take zama in ya gama zaga rumbu, kuma duk lokacin da ta zauna nan, abu ɗaya bakinsa ya saba yi. Ya saki numfashi dogo, irin wanda ke sa bijimi waiwaye. Liman ya ɗauka alama ce, ya faɗi farkon rantsuwar da sunan Allah wanda babu abin bautawa da gaskiya sai Shi. Hashimu ya maimaita da wata murya da shi ma bai san ta ba. Sauran kuwa ba shi ya faɗa ba, bakin ne ya yi abinsa. Bakin hanya, gindin ɗorawa, mahaifinsa, gado, Sama'ilu ba shi da haƙƙi a ciki. Duk suka fito a jere, da sauri, da ƙarfin da ya sa lasifika ta yi ƙara, hannunsa na karkarwa har Liman ya tallabo Alƙur'anin ta ƙasa.

Sama'ilu ya shigo da ruwa a gemu ya tarar an gama.

Magatakarda ya ce rantsuwa ta cika, ziri na Hashimu ne, ya nemi takalmansa. Hashimu ya zauna inda yake tsaye, don ƙafafun sun ce iyakarsu ke nan. Da ya samu ya fito, Ikilima ta miƙa masa ruwa.

"Na yi rawa," in ji shi.

"Ka yi. Har a lasifika an ji. Ziri dai naka ne."

Ta koma birni ranar Lahadi.

Garin ya rabu biyu. Waɗanda suke cikin masallaci suka ga karkarwar, suka ce mai gaskiya ba ya rawa haka. Waɗanda suke waje suka ji maganar ta fito tiryan-tiryan, suka ce mai gaskiya ba ya zuba haka kamar karatun rediyo. Ɓangarorin biyu sun haɗu a kan abu ɗaya: rantsuwa ba ta barin bashi, in ƙarya ce za a gani a jikinsa. Sai aka zauna jira.

Hashimu bai taɓa samun kulawa irin ta wannan rani ba. Mutanen da da can hannu kawai suke ɗaga masa yanzu sai su tsallako hanya su riƙe hannunsa, su tambayi jiki, su tambayi shanu, su leƙa cikin idonsa. In ya yi tari a sahu sai sahun gaba ya waiwayo. Akuyarsa ta yi ɓari, aka zo jaje har daga unguwar gabas. Ya koyi yin atishawa a cikin rumbu.

Da bazara ta kama, lokacin kai taki, haƙori ya tasa shi gaba. Ya kwana biyu yana cin tuwo ta gefe ɗaya, rana ta uku ya tashi da kumatun dama kamar ya ɓoye mangwaro. Barira ta dube shi ta ajiye tsintsiya.

"Malam, duk jikin nan a rasa inda zai kumbura sai baki?"

Ya kira Ikilima a waya, yana magana ta gefen da ya rage. Ta ce ya je asibiti a cire, haƙorin da ya shekara yana cin goro da rake ba ruwansa da kotu.

"Ke ba ki san garin nan ba."

"Na san shi. Shi ya sa nake birni."

Barira ta ce ya zauna a ɗaki har kumburin ya sace, za ta ce ya yi tafiya. Ya leƙa ta taga. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas kwana biyun nan, takin na tule a bayan gida, in ruwan shuka ya sauka kafin a watsa shi an yi aikin banza. Ya sa hula, ya ɗaura wa shanu amalanke, ya loda.

Hanyar gona ta gaban teburin mai shayi ta bi. Hirar ta tsaya. Kofuna suka tsaya a iska. Ya yi sallama, aka amsa wa kumatun. Ya ji gwiwarsa ta fara abin da ta saba, ya bar ta ta yi, tunda a zaune yake.

A bakin zirin ya tarar da Sama'ilu tsaye yana duba gonarsa, ƙafa ɗaya a kan hanyar amalanke. Ya ɗago, ya ga fuskar, ya yi kyakkyawan kallo bai yi gaggawa ba.

"Sannu ɗan'uwa. Me ya samu bakin?"

"Haƙori ne."

"Haƙori. Allah sarki. Ta nan ta fara ke nan."

"Gobe za a cire shi," in ji Hashimu. "Janye ƙafarka, shanu za su wuce."

Sama'ilu ya janye. Amalanke ya shige yana zubar da taki kaɗan-kaɗan a kan zirin.